Daga Katan Zuwa Cokali: Yadda Mace Za Ta Kafa Kasuwancin Kayan Sana'ar Hannu a Legas

Matar da ke saƙa kayan jarirai a Agege, da mai jera ston a jikin abaya a Idi-Araba, da mai haɗa jakar duwatsu a Mile 12, duk kukansu ɗaya ne: kayan aiki. Ulu ya ƙare ana saura hannun riga guda, gam ya daskare, allura ta karye, ga mai kaya tana ta kira. Kuma babu wadda za ta bar yara da tukunya a kan wuta ta nufi cikin Eko, wato tsibirin Legas inda manyan kasuwannin sari suke, saboda kayan naira 2,000, alhali kuɗin mota zuwa da dawowa ya kai haka ko ya fi. Wannan kukan shi ne kasuwarki. Ke za ki shiga Eko ki ɗauko kaya a katan, ki dawo ki farfasa su ƙulli-ƙulli, ki kai wa mata har tsakar gida, inda namiji mai shago ba shi da ikon shiga. Ribar sana'ar tana tsakanin katan da cokali, kuma ta nan ɗin take tsiyayewa idan ba a tsare awo da lissafi ba.

Mataki na farko: zaɓi layi ɗaya

Kayan sana'ar hannu sun fi ƙarfin jarin mai farawa, dole a zaɓa. Akwai ɓangaren duwatsu da zaren lilo da ƙugiyoyi, akwai na saƙa, wato ulu da kwarashi da kibiya, akwai kayan ƙawata ɗinki irin su ston, gam, ribon, zif da maɓalli. Sai kayan jaka da takalmi, sai kwalabe da kemikal na masu haɗa sabulu da humra.

Kafin ki fitar da ko kwabo, zaga ki tambaya. Matan Islamiyyarku, telolin layinku, waɗanda kike haɗuwa da su a gidan suna, ki tambaye su: me kike yawan nema ki rasa, a ina kike saye, nawa ake sayar miki? Abin da ya fi maimaituwa a bakinsu shi ne layinki, ko da ba shi ya fi ba ki sha'awa ba.

Shawarata, fara da abin da ke ƙarewa. Almakashi da filaya da bindigar gam sau ɗaya mace za ta saya ta shekara ba ta waiwaye ki ba, amma gam da zare da ston da ulu kullum cikin ƙarewa suke, su za su riƙa dawo miki da ita. Kemikal kuwa, in ɗaki ɗaya kuke ciki ke da yara, ki haƙura. Sodar sabulu tana ƙona fata, tana iya makantarwa, ba abin turawa ƙarƙashin gado ba ce.

Na biyu: raba jarin tun a gida

Ko nawa ne a hannunki, kashi biyu cikin uku ya isa sarin farko. Ragowar na ƙaramin sikeli mai batir wanda ke nuna giram, da ƙananan ledoji masu zif, da robobi masu murfi, da kuɗin mota, da abin komawa kasuwa idan wani kaya ya ƙare da wuri.

Maganar shago ki jingine ta. Dokar haya ta jihar Legas ta 2011 ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon mai haya, to amma ko shekara ɗayar, in aka ɗora la'adar ejan da kuɗin yarjejeniya, ta isa ta haɗiye jarin duka, ki zauna a shago ga kanta ba kaya. Kusurwar ɗaki ta wadatar a shekarar farko. Ki kuma zauna da maigida ku yi magana a fili tun yanzu: ranar fitarki kasuwa, wanda zai kula da yara ranar, da cewa kuɗin kaya daban, na cefane daban. "Ara mini na gas zuwa ƙarshen wata" ya rufe sana'o'in mata ba adadi.

Na uku: fitar farko ta gani ce

Ranar farko ki tafi da littafi da biro da kuɗin mota kawai. Daga Agege za ki iya hawa jirgin ƙasa na Jan Layi, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2024, ya bi ta Ikeja da Oshodi da Mushin da Yaba ya sauke ki Oyingbo, daga nan ki hau danfo ki tsallaka gadar Carter ki faɗa Idumota. Ko ki bi BRT zuwa Oshodi ki canza mota. Jirgin da BRT duk da katin Cowry ake biya. Ranar Alhamis kasuwannin Legas ba sa buɗewa sai ƙarfe 10 na safe saboda shara, Asabar kuma turmutsutsu, don haka Talata ko Laraba sun fi. In azahar ta same ki, Babban Masallacin Legas yana kan titin Nnamdi Azikiwe, tafiyar ƙafa ce daga Balogun.

Kowane kaya da gidansa. Duwatsu, ston, ribon, ulu da kayan teloli suna Balogun da Idumota da layukan da ke kewaye da su, akwai kuma a Tejuosho ta Yaba da Oshodi in kaɗan kike so. Fata da soso da ƙarafunan jaka da takalmi, Mushin. Kemikal, Ojota. Kasuwar Trade Fair da ke kan hanyar Badagry tana da manyan masu shigo da kayan ado. Sitika da kati, Shomolu, unguwar masu ɗab'i.

A Balogun, masu tebur na bakin titi su ma sari suke yi a wajen na ciki. Ki wuce su, ki shiga lungu, ki hau benaye, can inda za ki ga katan-katan jibge har rufi kuma mai shagon ba ta kiran kowa. Samarin da za su tare ki su ce za su kai ki, ladansu a cikin kuɗinki ake cirewa. Gode musu ki wuce.

In kin shiga, gaisuwa tukuna. Dattijuwar Bayerabiya in kin rusuna kin ce mata Iya ko Alhaja, kin gaishe ta da harshenta ko da kalma biyu ce, cinikin ya riga ya ɗau hanya. Sauran da buroka ake yi. Ki nuna abu ɗaya ki tambayi farashinsa hawa huɗu: guda, dozin, fakiti, katan. A tazarar da ke tsakaninsu za ki gane ko babbar 'yar sari ce ko ita ma tsintowa take yi. Rubuta, karɓi katinta, shiga shago na gaba. Shago biyar ko shida a kan kaya iri ɗaya sun isa su nuna miki farashin ranar.

Ranar saye kuma, ku gama ciniki da mai dako kafin ta ɗora kaya a ka, ki bi bayanta. Waya da kuɗi a jakar da ke ƙarƙashin hijabi. A ƙirga kaya a gabanki kafin a ɗaure, a ba ki rasit mai sunan shago.

Na huɗu: duba kaya kafin ki biya

Kayan nan duk kyawawa ne a ƙarƙashin fitilar shago. Sai sun sha gumi da wanki asirinsu ke tonuwa, kuma ke za a dawo wa, ba Iya ta Balogun ba.

Ki tafi da farin ƙyalle da ɗan ruwa a gora. Jiƙa ƙyallen ki murza dutse da ƙarfi. In launi ya fito, fenti aka shafa, zai ɓata wuyan amarya da rigarta. Duba bakin hudar, nan fenti ke fara ɓarewa, kuma huda mai kaifi tana yanke zare. Dutsen gilashi yana da nauyi da sanyi a tafin hannu, na roba ba shi da su. Kowanne da kasuwarsa, amma kada a ba ki na roba a kuɗin gilashi. Sai ƙirga. Igiya mai tsawon santimita 40 tana ɗaukar duwatsu masu milimita 8 guda 50 ko ƙasa kaɗan. In kaya sun yi tsada, wasu ba sa ƙara kuɗi, igiyar suke gajartawa. Ki zaro ɗaya daga tsakiyar ɗauri, ba wadda aka rataye don talla ba, ki auna da tef.

Ston na guga, wanda gam ɗinsa ke manne a bayansa, sayi fakiti ɗaya tukuna. A gida ki jera goma a kan ragowar yadi, ki rufe da ƙyalle, ki danna dutsen guga. In ya huce sa farce ki gwada ɓamɓarewa, sannan ki wanke yadin ki cuɗa. Wanda ya zube a wankin farko, ko kyauta aka ba ki kada ki sayar wa tela, don abaya ɗaya da ta zubar da ston bayan Sallah ta isa ta raba ki da telolin layi guda. Girmansa da lamba ake faɗa: SS6 ƙanana ne, SS16 kusan milimita 4, SS20 ya ɗara shi. Cikakken fakiti yawanci guda 1,440 ne, dozin 120 ke nan. Ba mai zama ya ƙirga, amma in kin taɓa ɗora cikakke a sikeli kin rubuta nauyinsa, duk fakitin da aka tsakura za ki kama shi.

Ulu kuma a launi ake shan mamaki. Ja da ja ba ɗaya ba ne in ba tukunyar rini ɗaya suka fito ba, kuma bambancin ba ya nunawa sai an saƙa an haɗa gaba da baya. Inda aka buga lambar rini a jikin takarda ki tabbata ta zo ɗaya, inda babu ki ɗauki launi guda a leda guda da ba a buɗe ba. Ki riƙa gaya wa mai saƙa ta ɗebi abin da zai ishe ta aikin lokaci ɗaya.

Sauran a taƙaice. Zif ki ja shi sama da ƙasa. Gam irin su B7000 da UHU ki matsa ki ji da laushi. Kyandir ɗin gam kauri biyu ne, milimita 7 da 11, kowanne da bindigarsa. Zaren lilo siriri, mai kaurin milimita 0.3 ko 0.4, na sarƙa ne, daga 0.6 zuwa sama na jaka. Ƙugiyoyi masu ruwan gwal na araha su suka fi jawo rigima, domin iskar Legas ba ta barin su. In da hali ɗauki na ƙarfen da ba ya tsatsa, ki faɗa wa mai saye dalilin tsadar.

Na biyar: fasa kaya da sa farashi

Ga amfanin sikeli. A ce, misali kawai, kin sayi kilo ɗaya na ƙananan duwatsu a naira 12,000. Rabonsa na kuɗin mota da dako 1,500, leda da sitika 1,000. Ya tsaya miki a 14,500. Cire giram 50 na zuba da fasassu da marasa huda, saura 950. In kin ƙulla giram 20-20 za ki sami ƙulli 47, kowanne ya tsaya miki kusan naira 310. Ki sayar a 500, kin tashi da 23,500, riba 9,000.

To yanzu ajiye sikelin ki ɗauki cokali. Maƙwabciya ta shigo, ana hira, kin ɗebo cokali ya yi tozo, ta ce, "Haba Hajiya, ba gyara?" kin ɗan barbaɗa mata. Kowane ƙulli ya koma giram 25 ba ki sani ba. Kilon nan yanzu ƙulli 38 zai ba ki, kuɗinsa 19,000, riba 4,500. Rabin ribar ya salwanta a giram 5 da ido ba ya gani. Shi ya sa ƙulli da dare ake yinsa, bayan yara sun yi barci, a cikin faranti mai baki don kada duwatsu su gangare. A auna, a rufe, a manna sitika mai lambar launi da nauyi. Da safe abin da ke cikin leda shi ake miƙawa. In kina son yin gyara, ware wasu ƙananan ƙulli da kika san adadinsu, ki ba wadda ta yi sayayya mai kauri.

Sannan farashi ba a kan abin da kika saya jiya kaɗai ake ɗora shi ba, har da abin da za ki saya gobe. Galibin kayan nan daga Sin suke shigowa ta tashoshin Apapa da Tin Can, don haka dala ce ke juya su. Kafin Yunin 2023, lokacin da Babban Banki ya bar kasuwa ta yanke wa naira farashi, dalar gwamnati tana wajen naira 460. Farkon 2024 ta haura 1,500. Wadda ta sayar da tsohon kaya a tsohon farashi tana murnar ciniki, da ta koma Eko kuɗin bai cika mata kantar da ta kwashe ba. Duk mako ki kira shagonki na Eko ki ji yadda ake ciki.

Wata dabara mai kyau ita ce haɗin 'yan koyo: duk abin da ake bukata don gama abu ɗaya, a ce hular jariri da safa, ko ƙaramar jaka, a leda ɗaya da farashi ɗaya. 'Yan makarantar da aka ba aikin hannu sun fi son haka. In kin iya sana'ar da kanki, koya wa 'yan mata kyauta a tsakar gida ranar Asabar. A wajenki za su riƙa sayen kayan aiki har bayan sun ƙware.

Na shida: danshi

Wadda ta taso a Kano ko Sakkwato da ƙura ta saba fama. A Legas danshi ne. Ruwa yana sauka sosai daga Afrilu zuwa Yuli, ya ɗan tsagaita a Agusta, ya dawo Satumba da Oktoba, ga iskar teku. Allura da fil da ƙugiya suna tsatsa a cikin kwalinsu, fata tana fumfuna. Duk abin ƙarfe a sa shi a roba mai murfi, a jefa 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi. Kada kaya su kwana a ƙasa, mazauna unguwannin da ruwa ke shiga ɗaki sun san dalili. Ulu yana kama wari, a nisanta shi da kicin. Gam yana kama wuta, a raba shi da gas da janareta. Ƙananan duwatsu kuma a kanta ta sama, don mai rarrafe ba ya raina abin sa wa a baki ko a hanci.

Na bakwai: nemo masu saye

WhatsApp ya ishe ki farawa. Ɗauki hoto da hasken rana a kan farin yadi, ajiye tef ɗin awo a gefe don a ga girma, ba kowane launi lamba. "Shuɗin nan mai ɗan duhu" ya sha haddasa faɗa, amma in an ce lamba 14 magana ta ƙare. Sa farashi a jikin hoton, mata da yawa suna jin nauyin tambaya. A Facebook da Instagram da TikTok, gajeren bidiyon hannu yana aiki da kayan ya isa, ba sai kin nuna fuska ba. Kada kuma ki tsaya kan Hausawa kaɗai. Maƙwabtanki Yarbawa kusan kowace Asabar da bikinsu da ankonsu, telolinsu suna cin ston da ribon ba kaɗan ba.

Kayan ɗinkin Ƙaramar Sallah a Sha'aban ake sarinsu. Wadda ta bari sai goman tsakiya za ta saya da tsada, ta sha cunkoso da baki a bushe, teloli kuma sun riga sun saya a wani wuri. Disamba watan bukukuwa ne, amma shiga Balogun a cikinsa wahala ce, ki gama sari a Nuwamba.

Kaya masu nisa ɗan aike mai babur ke kaiwa, mai saye ta biya kuɗinsa. Kada komai ya fita sai kin buɗe manhajar bankinki kin ga kuɗin da idonki, don hoton rasit da saƙon tes duk ana ƙirƙirarsu. Ki buɗe asusu daban na kasuwanci, ko a OPay ko Moniepoint ne, wanda kuɗin gida ba ya shiga.

Na takwas: bashi da littafi

Duk wanda ya ce miki kada ki ba da bashi sam, bai zauna a gidan haya mai ɗaki goma ba. Abin yi shi ne a sa masa iyaka. Tela za ta aiko 'yarta: "Wai in ji Mamana a ba ta ston fakiti biyu, in an karɓi ɗinki za ta aiko." Ki bayar in kin san ta, amma ki rubuta a gaban yarinyar, ki tura wa uwar saƙo: "Anti, na ba ta fakiti biyu, kaza ne kuɗin, zuwa Juma'a in Allah ya yarda." In ta ji haushin rubutun, tuna mata aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, a kan rubuta bashi take magana. Ba a ɗora sabon bashi a kan tsoho, kuma jimillar abin da ke waje kada ta kai yadda in ta maƙale za ta hana ki komawa kasuwa. Dangi sun fi wuya. Ƙanwar miji, sau da yawa gara ki ba ta ƙulli ɗaya kyauta, da ki ba ta biyar bashi ki shekara kina jin kunyar tambaya.

Littafinki shafi ɗaya ne kowace rana: abin da ya shigo, abin da ya fita, bashi, da abin da kika ɗauka don kanki. Na ƙarshen shi aka fi mantawa. Yanka wa kanki albashi ko kaɗan ne, ki tsaya a kansa. Ƙarshen mako ki ƙirga kanta. Kayan da ya wata uku bai motsa ba ya zama kwantai, karya farashinsa ki cire kuɗinki ki sa a abin da ke tafiya. Littafin nan kuma shi zai sauƙaƙa miki zakka: in dukiyar ta kai nisabi shekara ta zagayo, a ƙiyasta kuɗin kayan da ke kanta, a haɗa da tsabar hannu, a fitar da kashi 2.5 cikin 100.

Na tara: rajista da ƙarin jari

Da kasuwa ta fara tsayuwa, yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC. Ta intanet ake yi, da lambar NIN. Da takardar za ki buɗe asusun banki da sunan kasuwancin, kuma makarantu da cibiyoyin koyar da sana'a, masu sayen kaya da yawa lokaci ɗaya, sun fi sakin jiki da mai ita. Ki yi katin mazauna Legas na LASRRA, don asusun tallafa wa masu sana'a na jihar, LSETF, wanda aka kafa a 2016, yana neman sa. Sai dai ki karanta sharuɗɗa, yawancin rance akwai ruwa a ciki. Mai gudun haka ga Jaiz da TAJ da Lotus, bankunan da ke da tsarin murabaha: su sayi kayan su sayar miki da ribar da aka sani tun farko, ki biya a hankali. Ni dai ga mai ƙaramin jari ban ga abin da ya kai adashi ba, in uwar adashin mai amana ce, kuma ki roƙi kwasarki ta faɗo a Rajab ko Sha'aban. Manhajojin bashi na waya kuwa, masu kiran duk lambobin da ke wayarki in kin yi jinkiri, ko kusa kada ki je.

Na ƙarshe: Arewa, sannan Sin

Zamanki a Legas ya sa kina bakin kaya, abin da 'yar'uwarki ta Gusau ko Azare ba ta da shi. Masu sana'a a can suna neman wadda za ta shiga Eko ta saya musu ta ɗora a mota. A nan kuɗi ke fara zuwa kafin kaya su tashi. Motocin Arewa suna lodi a Agege da Iddo da Mile 12. Sa kayan a leda kafin katan saboda ruwa, naɗe da salatif, rubuta suna da lambar mai karɓa a gefe biyu, karɓi lambar direba da ta ɗan kamasho, ɗauki hoton motar ki tura. Ta hanyar nan kuma za a iya turo miki abin da Legas ke nema: jemammiyar fata daga Kano da Sakkwato, garin lalle, itacen turaren wuta na Maiduguri.

Oda daga Sin ba dole ba ce, kuma kada ki fara sai kin san kayan da ke ƙare miki duk wata ba fashi. Yawancin ƙananan kayan nan daga birnin Yiwu suke fitowa, ana saye ta shafukan 1688 da Alibaba, ta hannun ejan da zai biya kuɗin can ya tattara ya turo. Jirgin sama da kilo ake biya, da dala, kaya su iso cikin mako ɗaya zuwa biyu. Jirgin ruwa da girman katan ake biya, ya fi sauƙi, amma a yi lissafin wata biyu ko fiye. Don haka duwatsun gilashi masu nauyi na jirgin ruwa ne, ston da ƙugiyoyi su ne na sama. Gam da duk abu mai ruwa kuɗinsu daban, ki tambaya kafin ki biya. Masana'antun Sin suna rufewa makonni saboda bikin sabuwar shekararsu, wanda ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu, kuma a 'yan shekarun nan azumi yana kamawa dab da lokacin. Odar kayan Sallah ta jirgin ruwa sai ta tashi tun Oktoba ko Nuwamba.

Ejan ki same shi ta bakin wadda ta taɓa karɓar kaya a hannunsa, mai ofis a Legas da za ki iya zuwa ki zauna. Odar farko ta zama ƙarama, kilo biyu ko uku. In ta iso, haɗa kuɗin kaya da na ejan da na jirgi da na motar da ta kawo miki gida, raba da adadin ƙullin da za ki samu, ki gwada da farashin Balogun na wannan makon. In tazarar ba ta taka kara ta karya ba, ci gaba da sari a Eko, inda za ki taɓa kaya da hannunki kafin ki biya.